Shinkafar da Kawunka Ya Maido

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga Baba Ƙarami.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka, da fatan kun gama ɗaure kaya lafiya. Allah Ya tsare maka hanya, Ya tsare motocin da aka damƙa a hannunka da bayin Allah da ke tuƙa su. Allah Ya sauke ka Garwa Bulai lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da masu yi maka dariya a fuska suna auna ka a zuci.

Da gangan na rubuta Baba Ƙarami. Na ji labari yanzu ba ka son a haɗa da Ƙaramin, wai a garejinku na Basa, nan Duwala, "Grand" ake ce maka, wato babba da Faransanci. To, Grand, sai ka yi haƙuri da tsohuwa, bakina ya riga ya saba.

Za ka yi mamakin takarda daga wajena, alhali tsakanin ɗakina da gidanka ko benskin, babur ɗin haya, ba a hawa. Ka san dalili. Kai ne ɗan fari, ni da kai ba mu taɓa zama ido da ido mun yi doguwar magana ba. In ka shigo gaisuwa sai in kau da kai, in ina da faɗa sai in yi wa ƙanwarka Hadiza kana ji, ka tsinci naka a ciki. Wannan maganar kuwa ta fi ƙarfin a bi da ita ta kan Hadiza. Gobe za ka tafi, ni kuma tun safe na kasa zaune na kasa tsaye. Na zuba wa miya gishiri, na manta na sake zubawa. Na ɗauki biro na ajiye, na leƙa waje ko ruwa ya tsagaita, na dawo. Duk fitar da zan yi sai na yi tuntuɓe da buhun shinkafar nan da ke bakin ƙofa, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Bari in maimaita maka abin yadda ya zo kunnena, in akwai ƙari ka cire. Tun da hanyar yamma ta rikice motocinku suka daina zuwa Kumba da Bamenda, masu kamfani suka juya su hanyar Bangi. Za a buɗe sabon gareji can bakin iyaka, kuma cikin duk direbobin kai aka zaɓa ka riƙe shi. Na yi murna, ban nuna ba ne kawai. Yayana, kawunka Sale, shi ya kasa ɓoye tasa. Da ƙafar nan tasa mai ciwo ya taso daga unguwarsu PK 14, taksi ta ajiye shi Ndokoti, ya hau benskin har Basa, don kawai ya sa maka albarka. Ya jiyo muryarka a tsakiyar direbobi ya ƙwala kira, "Baba Ƙarami! Kai, ashe da gaske ne!" Bai tsaya nan ba, sai da ya ba su labarin tafiyarka ta farko a motarsa, yadda ka runtse ido ka ƙanƙame rigarsa a kan gadar Edeya kana kiran Inna. Suka bushe da dariya. Kai kuma kana tsaye ƙerere, hannu a aljihu, ka ce masa, "Tonton, on va se voir, je suis en réunion." Da Faransanci! Wai kawu, ma haɗu, kana cikin taro. Mutumin da ya ɗora hannunka a kan sitiyari. Ya zauna a bencin maigadi har aka kira azahar, ba ka fito ba, ya tashi ya tafi.

Daga baya da zuciyarka ta ɗan dame ka, sai ka ba wani direba buhun shinkafa ya kai masa, a ce kana sallama, ayyuka sun sha kanka. Kawunka bai mayar maka ba, ni ya aiko wa. Ya bugo mini waya ya ce, "Ladi, kin ga saƙo?" Na ce, "Na gani, Yaya." Ya ce, "Ki gaya wa Grand na gode. Amma ni tun da nake ban taɓa ganin buhu ya cire takalmi ya durƙusa ya yi ban-kwana ba." Ya kashe. Da faɗa ya yi, da na ji sauƙi. Da 'yar dariya ya faɗa, irin wadda ya yi ranar da ya dawo gida a ƙasa bayan an ƙone masa mota a hanyar yamma.

Ba zan wanke shi tas ba. Yaya Sale bakinsa ba linzami, ni ma tun muna yara yake tona ni a gaban baƙi. Labarin gada bai dace da gaban mutanen da za ka shugabanta ba, na yarda. Amma kai ba labarin ne ya ƙona ka ba, Ƙaramin nan ne, don ya faɗo a daidai lokacin da kunnenka ya fara jin daɗin wani sunan.

Ina so ka tsaya ka auna kalmar nan da ta shiga kanka. A garin nan wane ne ba Grand ba? Mai benskin yana son ka hau, Grand. Mai gwanjo a kasuwar Nkololun ya riƙo hannun rigarka, Grand. Ɗan kamasho a tasha, Grand, in kuwa ka wuce motarsa nan take ka koma "toi là", wato kai ɗin nan. Kalma ce ta bakin titi, ana miƙa maka ita gwargwadon abin da ake hange a aljihunka. Mu da Hausa ba haka muke rabo ba. In jiki ne sai mu ce ƙato, kuma kai ƙato ne, babu musu, ni na tuƙa tuwon. Mahaifinka, Allah Ya ji ƙansa, ko kafaɗarka bai kai ba, amma in rigima ta tashi a layinmu aka ce a nemo babba, ƙofarmu ake bugawa. Ka kuma lura da yadda muke faɗa: an ba shi girma, ya riƙe girmansa, ya zubar da girmansa. Ban taɓa jin an ce wane ya sayo girma ba, ko an rubuta masa shi a ofis. Mutane ne ke miƙo maka, kai naka riƙewa, kuma ko wace safiya suna iya fasawa. Wanda mutum ya ɗora wa kansa da kansa sunansa daban, girman kai muke ce masa, kuma ka san ba yabo ba ne.

Kada ka ce tsohuwa ta samu abin faɗa. Ni na riga ka faɗawa wannan ramin, kuma ba asiri ba ne, duk unguwarmu New Bell ta sha dariyata. Kana ƙarami lokacin, shekarun da aka karya darajar kuɗi, aka zaftare albashi, masana'antun Basa suna ta sallamar ma'aikata. Ina sayar da shinkafa da miya a bakin titi. Wata mata ta kafa rumfa daura da tawa, sai rannan na ji wani ya ce mata babbar mai abinci. Na tafi wurin masu zubin tukwane na ce a zuba mini wadda babu irinta a unguwa. Mai zubin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baiwar Allah, sojoji za ki ciyar?" Na ce ina ruwansa. Ranar da aka turo ta a amalanke tana ƙyalli, mata suna leƙowa ta kan katanga, na ji daɗi, ba zan yi maka ƙarya ba.

Daɗin bai je ko'ina ba. Tukunyar nan tana cin itace kamar gidan burodi. In na dafa kaɗan ya kama a gindi, in na cika ta babu masu ci, don waɗanda ke cika mini benci duk an sallame su. Ka san zafin Duwala, kafin la'asar shinkafa ta fara tsami. Muka yi ta cin ɗumame har mahaifinka ya ce, "Ladi, wai ke kika sayi tukunyar nan ko ita ta saye ki?" Na koma wa ƙaramar tukunyata shiru, na kife babbar a bayan ɗaki, kaji suka mai da ita gida.

Wautar ba ta ƙare nan ba. Dudu, Bafulatanar Marwa da ke maƙwabtaka da mu, za ta aurar da 'yarta, ta zo aro. Ta ce, "Adda Ladi, ba ni tukunya babba, jibi in kawo." Na ce a'a, za a baƙanta mini ita, za a lotsa. Tukunyar da kaji ke kwana a ciki! Ba na amfani da ita, so nake kawai a riƙa cewa akwai ta a gidana. Dudu ta ce ba komai, ta juya. Daga nan ba wanda ya ƙara tambaya.

Ranar da mahaifinka ya rasu gidan nan ya cika har titi, ga ruwa ana tsugawa, ga baƙi ba abin ba su. Ni ina ɗaki ban san inda kaina yake ba. Ta taga na hango Dudu ta ci ɗamara, ta jawo tukunyar daga bayan ɗaki, ta kankare kashin kaji da toka da soso, ta ɗora a murhu. Ba ta tambaye ni ba, ba ta kuma taɓa yi mini gori ba har ta koma garinsu. Ranar ce tukunyar ta fara cika ta kuma ƙare tas.

Tun daga nan ba ta ƙara zama a gidana ba. Suna, biki, rasuwa, buɗa-baki a masallaci. Da mutanenmu na Bamenda suka fara gudowa da 'yan ƙullin kayansu, a cikinta aka riƙa dafa musu. Yanzu haka in ka tambaye ni ina take sai na yi cigiya, na ji dai an ce tana Sodiko. Ta yi baƙi ƙirin, kunne ɗaya ya cire, gindi ya sha faci, amma ko'ina aka taru za ka ji ana cewa a aiko da tukunyar Hajiya Ladi. Kujerar da aka ba ka irinta ce. In ka kife ta don kada a taɓa, kaji za ka tara. Direba zai bugo maka motarsa ta mutu a daji. Matar wani za ta zauna a ƙofar ofishinka don mijinta bai dawo ba. Wani zai zage ka tas don an tsare shi a iyaka, ba kuma laifinka ba. Ka bari a ɗora ka a wuta, aikin da aka ba ka ke nan.

Kuskure na biyu ya fi ci mini rai, don a kanka na yi shi. Da aka haife ka aka sa maka sunan kakanka, uban mahaifinka. Daga ranar sunan ya fi ƙarfin bakina ta fuska biyu, ga kunyar ɗan fari, ga kunyar suruki. Sai aka ce Baba Ƙarami. Kakarka tana ce maka maigidana, tana ajiye maka tsokar da ta fi kowace. Baffanninka in za su tsawata maka sai su tuna sunan wa ke kanka, su sassauta murya. Ni ma in na ɗaga hannu sai in ga kamar tsohon zan mara, in sauke. Hadiza da ƙanenka Sani sun sha muciya a kan laifin da kai ka yi, ka tambaye su, ba su manta ba. Kana ɗan mitsitsi dattawa suna ce maka Baba suna dariya, kai kuma kana amsawa da gaske. Ban taɓa zaunar da kai na gaya maka wannan girman na tsohon ne, aro aka ba ka ba. Na ɗauka za ka gane da kanka. Ina ganin ba ka gane ba, kuma rabin laifin nawa ne.

Mutum ɗaya ne bai shiga wannan wasan ba, shi ne kawunka. Tsohon ba ubansa ba ne, ba surukinsa ba. Da mahaifinka ya rasu ka fara gantali a bakin layin dogo, shi ya zo ya ja kunnenka ya jefa ka a motarsa. Ya sa ka wankin taya, ɗaurin tamfol, kwana a ƙarƙashin mota. Ranar da ka dawo da tafin hannu a farfashe na kasa haƙuri, na ce, "Yaya, Baba ne fa." Ya ce, "Baba yana kabari, Ladi. Wannan yaro ne, ki bar ni in mai da shi mutum." Na daɗe ina sha masa kunu a kan maganar nan. Yau ga shi, duk abin da masu kamfani suka gani a jikinka har suka zaɓe ka, a motar nan ka samo shi. Su direbobin da suka yi dariya, kana tsammani sun raina ka don ka taɓa jin tsoron gada? Kowannensu yana da tasa gadar. Abin da suka tafi da shi gida shi ne sun ga yadda shugabansu ke yi wa tsohon direba in ƙarfinsa ya ƙare, kuma kowannensu ya san zai tsufa.

Na tashi na duba miyar, ta ƙi gyaruwa, na dawo. Ina ma na tsaya? Yauwa. A can ba wanda ya san kakanka, ba wanda ya san ni. Za ka tarar da direbobin da suka girme ka, Fulani da Barebari da Bamileke da mutanen Bangi. Ka riga su gaisuwa. In tsoho yana magana ka fid da hannunka daga aljihu, wannan ɗabi'a ban san inda ka kwaso ta ba. Faransanci ka yi shi da masu takardu, kada ka ƙara mai da shi katanga tsakaninka da naka. Wanda ya fi kowa yawan ce maka Grand, shi za ka fi sa wa ido. Ka riƙa sa hannu a kwano ɗaya da mutanenka, za ka ji abin da ba a faɗa a ofis. Kada kuma motoci su cinye maka salla.

Yanzu ga abin da ya hana ni zama. Kawunka ba shi da lafiya, fiye da yadda yake nunawa. Tun da aka ƙone motar bai koma daidai ba. Ciwon suga ya ci ƙafar, yanzu ya taɓa ido. Zuwana na ƙarshe sai da na yi magana ya gane ni. Likita ya gaya wa matarsa abin da bai gaya masa ba. Zuwan nan da ya yi Basa, ta hana shi ya ƙi, ya ce ko da rarrafe sai ya je inda aka ba yaronsa kujera. Kai kuma ka ce sai babbar salla za ka leƙo gida. Rai a hannun Allah yake, ina iya riga shi, amma zuciyata ba ta ba ni za ka dawo ka same shi ba. In ka wuce gobe ba ka tsaya ba, ina tsoron maganarku ta ƙarshe a duniya ta zama "je suis en réunion". Shi zai yafe, na san Yaya. Kai ne ba za ka yafe wa kanka ba, ni kuma ba ni da maganin wannan.

Na san abin da kake jira. Kana cewa shi ya fara, shi zai kira. Na kuma san manyan motocinku ba ta PK suke fita ba, ratse ne, ga cunkoson Ndokoti. Ka yi ratsen. Ina ajiye biron nan Sani zai ɗauki buhun da takardar ya kawo maka. In ka isa kada ka ba kowa dako. Mota ba ta shiga lungunsu, ga taɓo, ka sani. Ka naɗe ƙafar wando, ka saɓa buhun a kafaɗa, ka bi ta gaban masu faci da masu gasa kifi suna kallonka. Ka cire takalmi a ƙofa, ka durƙusa har ƙasa. In ya yi faɗa ka sunkuyar da kai. In ya sake ɗauko labarin gada ka bar shi ya kai ƙarshe, ka taya shi dariya. Kada ka tashi sai ya dafa kanka.

Za ka ce da wuya. Na sani. Ni ma ga ni, a al'ada kai ke zuwa wurina, ba ni ke bin ka da takarda ba. Shekara da shekaru na riƙe kunyar nan ina ganin ita ce girmana. Ko ranar da na kai ka asibiti kana jariri aka tambayi sunanka, Dudu na taɓa, ita ta faɗa. Yau na ajiye ta, don ba ni da abin da ya fi ta daraja da zan sa a gaba in roƙe ka da shi. Zan rubuta, tsohon ya yafe mini.

Usmanu, ɗana, ka tsaya a PK 14.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Allah Ya ba kawunka sauƙi, Ya sa ka same shi a zaune. Allah Ya ji ƙan mahaifinka da wanda ka ci sunansa. Amin.

Gobe ba zan ɗora tukunya ba sai wayar Yaya ta shigo.

Wassalam.
Innarka, Ladi,
New Bell.